Ɗaki a Cikin Rudu

Junaidu ya tura hannu cikin tarin albasar don ya juya ta, sai babban yatsansa ya nutse cikin wata kamar ya danna dafaffen dankali. Ya zaro hannun ya duba. Baƙin ruwa ne mai yauƙi. Ya goge a jikin kara, ya sake turawa can ƙasa inda iska ba ta kaiwa. Ɗumi ya ji. Albasa mai lafiya ba ta ɗumi.

Ya daɗe durƙushe a bakin rudun, wato rumbun albasar nan na kara da ciyawa da ake ɗorawa kan duwatsu don kada danshin ƙasa ya taɓa shi. Daminar bana ta yi nauyi, kwanaki ke nan rana ba ta fito da ƙarfi ba. Da abin ya fara, ɗaya ce, biyu ce, yakan sa su a aljihu ya jefar cikin kwari in zai tafi gona. Daga baya ta kai ƙwarya. Yau da bokiti ya zo, ya ɓoye shi bayan rudun tun matarsa Nasiba ba ta fito ba.

Tafiyarsu ce gaba ɗaya a cikin rudun nan. Ranar da aka zuba albasar da bazara, Nasiba ce ta gitta karare biyu a kanta ta raba ta uku. Gefen dama hanya ce: kuɗin mota na mutum biyu har Abijan, da na jirgin tsallaka kogi a Gaya, da katin allurar rigakafi, da abin da ake miƙawa a shingaye. Lungun baya abincin watannin farko ne da ɗan jarin da za ta fara sayar da dambu. Gefen hagu kuwa, inda manyan suke, ja-ja-wur, kowace ta cika tafin hannu, nan ta dafa ta ce:

"Wanga shi ne ɗakina."

Ɗakin shi ne tsadar tafiya da mace. Kawu Almustafa, ƙanen Innarsa, wanda ke da magaza, wato siton albasa, a Abijan, ya faɗa masa tun farko ba ɓoye-ɓoye. Gwauro ba ya biyan ko dala, bisa buhuna yake kwana a magaza. Mai mata sai ya kama ɗaki, masu gidajen can kuma ba sa miƙa mabuɗi sai an zube musu kuɗin watanni a dunƙule.

Junaidu ya san kwanan buhuna. Damina uku ya yi a kansu. Lallen aurensu bai gama fita daga ƙafar Nasiba ba ya tafi, ya ce mata da ya zauna zai aiko ta zo. Bai aiko ba. Abin da ya dawo da shi injin ban ruwa ne, ja, sabo dal, da tiyonsa. Ya tarar ta koma gidan ubanta a Tajaye. Sai da ya je biko da dattawa, kuma a zauren surukinsa, gaban mutane, ya ce in ya sake fita ƙasar nan ƙafarsa ƙafarta. Tsohon ya dube shi, ya shafa addu'a.

Ya fara tsince ruɓaɓɓun yana jefawa a bokiti. Duk daga hagu suke fitowa.

Ya san dalili, tun ranar da ya zuba su ya sani. Albasa a buhu ake sayenta, ba a sikeli ba, buhun ma sai an yi masa hula, an tula wata a sama an ɗinke. Manya sun fi saurin cika buhu. Shi ya sa da ya zo fangalin ƙarshe na garkarsa, lambunsa na rani, ya ƙara musu takin zamani, ya kuma ci gaba da ba su ruwa har dab da cira, a lokacin da kowa ya ɗauke wa tasa ruwa don ta yi tauri. Injin nasa ne, ba wanda zai ce masa ya kashe. Irin wannan albasar daga garka sai mota, ba a ajiye ta. Yayansa Sanusi ya faɗa masa a ranar. To amma a ranar buhu jika goma ne, dubu goma ta sefa, kuma Nasiba, 'yar tudu, da ta tashi cikin gero da wake ba ta san albasa ba sai a miya, ta riga ta ɗora hannu a kansu tana dariya. Ya kasa ce mata ɗakinta ruwa ne a ciki.

"Mi kake binnewa kullum cikin kwari?"

Bai ji zuwanta ba. Tana tsaye da tulu a kai, ba shi take kallo ba, bokitin take kallo.

"'Yan kaɗan ne. Ko wace shekara ana samun haka."

"Rigarka ta jiya na wanke ta, na sake wankewa, warin bai fita ba." Ta sauke tulun a hankali. "Wane gehe ne?"

Ta matso, ta durƙusa kusa da shi, ta leƙa. Ƙananan ƙudaje suka tashi daga gefen hagu. Ta miƙa hannu ta ɗauki wata babba da ke sama, mai kyau, mai sheƙi. Ta matsa wuyanta. Ruwa ya fito ya bi mata tsintsiyar hannu.

"To," ta ce. Ta ajiye ta inda ta ɗauke ta, ta ɗauki tulunta ta shige gida.

Ya so a ce faɗa ta yi.

Sanusi yana gyaran igiyar amalankensa a ƙofar gida lokacin da Junaidu ya zo masa da maganar. Bai bari ya gama ba.

"Tun shekaranjiya nike jin warin daga masallaci. Ina jira in ga yaushe za ka buɗe baki."

"Yaya, mi za a yi?"

"Mi za a yi? A hidda ta duka yau, a ware, a saida abin da ya saura. In ka bar ta ta kwana biyu, ta daman ma ta bi." Ya ja igiyar da haƙori ya ɗaure. "Na ce maka ka sa su mota tun bazara. Ka ce a'a, madam ta sa hannu."

Junaidu ya haɗiye wannan. Sanusi ya girme shi da nisa, shi ya riƙe gidan tun rasuwar babansu, kuma bai taɓa wuce Ƙonni ba. Rudunsa na can gefen garka, cike da 'yan ƙananan albasa masu tauri kamar tsakuwa, ko ɗaya ba ta yi ciwo ba.

Suka shimfiɗa tabarmi da buhunan wofi a tsakar gida. Har azahar ana fitarwa ana warewa. Nasiba ta zauna ta yi aikin da su. Matar Sanusi ta nuna mata yadda ake yi sau ɗaya: a matsa wuya, a duba gindi, a girgiza kusa da kunne a ji ko ɓawon na ƙara. Ta kama nan da nan. Duk wadda ta jefa cikin tarin banza sai Junaidu ya ji kamar a ƙirjinsa ta faɗo. Inna ta fito daga ɗakinta ta tsaya da sandarta, ta dubi tarin biyu, ta koma ciki.

Gefen hagu kusan duk ya tafi. Lungun baya ya taɓu. Dama ce kawai ta tsira, ita ma ba ta da sauran zama, tunda ta sha numfashin ruɓa.

Da la'asar Takama dillali ya iso daga Tsarnawa a kan moto mai ƙafa biyu, hularsa a karkace. Tun daga zaure ya toshe hanci.

"Ango, gawa kuka aje ba ku gayyace mu jana'iza ba?"

"Duba kaya, Takama."

"Ina dubawa." Ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya ya jefa sama ya cafe. Ya hango tarin manyan da aka zubar a gefe. "Kai, waɗanga ai kabewa ce. Da mi ka shayar da su, da hura?" Ya juya wajen Nasiba. "Amarya 'yar Tajaye, ke kika zaɓa ko? Mutanen tudu, in ba su ga abu ya kai kan jariri ba ba su yarda abinci ne."

Nasiba ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Bar ta," in ji Junaidu. "Ni na noma."

Takama ya dube shi, ya rage wasa. Ya taya jika ashirin buhu. Junaidu ya ce kasuwa ta wuce nan. Takama ya ce kasuwa ta wuce nan ga albasar da ba ta kwana da mara lafiya ba, wannan kuwa dole ta hau mota gobe, in ta kai Lome ba ta zube ba an gode Allah. Aka ja, aka ja, aka tsaya a ashirin da biyu. Da kaka suka yi niyyar sayarwa, lokacin da buhu ke neman arba'in. Wajen ɗinki Takama ya tsaya a kan yaransa sai da aka yi wa kowane buhu hula mai tsayi, Junaidu yana kallo albasar da zai cika wani buhun da ita tana hawa kan na wani.

Da mai moto ya tafi, ya shiga ɗaki ya baje kuɗin a kan gado. Nasiba na tsaye jikin ƙofa. Ya ware na hanya, mutum biyu. Ya ware na abinci, ya fi wanda suka tsara sirantaka. Abin da ya rage a hannunsa ko wata ɗaya na ɗaki bai kai ba.

"In an cire nawa kuɗin mota hwa?" ta ce.

"Ba a cirewa."

"Tambaya na yi. In an cire, kai kaɗai, ya isa?"

"Ya isa har da saura."

"To ka gani."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Saƙon murya ne daga Kawu Almustafa. Labari ya riga ya kai Abijan, direbobin albasa ba sa riƙe magana. Ya so ya fita waje ya saurara, sai ya ga idonta a kan wayar. Ya danna a nan.

Muryar Kawu ta fito cikin hayaniyar kasuwa da ƙahon motoci. Ya yi jaje. Ya ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Sannan ya ce wurin da ya riƙe masa a magaza yana nan har a yanke gero, amma akwai wani yaro ɗan garin Madawa da ke nema, don haka yana son amsa kafin Juma'a. "Shawarata, taho kai ɗaya tukuna. Buhuna na nan, ba su gudu ba. In ka zauna, ka tara, sai ka aiko ta zo. Haka kowa ke yi."

Saƙon ya ƙare. Kaza na tono a bakin ƙofa, ita kaɗai ake ji.

"Da ka zauna sai ka aiko," Nasiba ta maimaita, ba da ƙarfi ba. Ta zo ta zauna a bakin gadon, nesa da kuɗin. "Ba ni yi maka hwaɗa. Kawu gaskiya ya hwaɗi, haka kowa ke yi. Abu guda nike roƙo. Ranar da za ka tahi, ka hita da ni Tsarnawa ka sa ni motar garin Tawa, in sauka Tajaye. Kada ka bar ni nan ina daka ma gidanku ina jiran waya. Na yi wancan, na san ɗanɗanonshi."

"Wa ya ce zan tahi ni ɗaya?"

"Kuɗɗin sunka ce."

"Sai mu haƙura bana. Baɗi mu..."

"Baɗi wurin na ɗan Madawa ne. Kai kuma ka zauna nan kana kallona kana tuna ni na hana ka. Wanga ya hi wancan muni." Ta miƙe. "Ni na zaɓi manyan, na sani. Amma kai ka san abin da ke cikinsu, ka bar ni ina shafa su kullum kamar wawuya."

Ta fita. Jim kaɗan ya ji ƙarar taɓarya.

Washegari ya tafi gona bai karya ba. Gero ya fid da kai, ya yi kyau, amma na gandu ne, na bakin gidan duka, ba a taɓa shi. Ya yi ta lissafi yana cirar ciyawa. Ya cire katin allura, ya mayar, ba a wuce iyaka ba shi. Ya cire jarin dambu, ya ga ba ɗakin ba ne ya fito, yunwa ce. Ya tuna awakin Nasiba guda biyu, ya tuna nata ne, na gidansu, kuma ko an sayar ba su kai rabi ba. Ya tuna gadonta da kwanukanta, ya ji kunyar tunanin ma. Duk ta inda ya bi sai ya dawo kan buhunan magaza, shi kaɗai, da fitilar waya, da sauro. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne da ya tuna su sai ya ji wani sauƙi-sauƙi a ransa. Hanya ce da ya sani. Ba mai gida, ba mabuɗi, ba bakin da za a ciyar sai nasa. Shekara ɗaya kawai, ya ce wa kansa. Ya ji muryar da ya faɗa da ita, irin ta wancan karon ce sak.

Da rana ta take ya gangara garka. Damina ce, ba kowa, fangulan duk ciyawa ta rufe. A 'yar bukkar da ke bakin rijiya injin yake, a lulluɓe da tsohon bargo da leda. Ya yaye. Jan fentin ya ɗan koɗe wajen tanki, sauran kamar jiya aka saye shi. Damina ukun da ya yi a Abijan, ga su nan, ba wani abu bayan wannan. Ya zauna a ƙasa kusa da shi har inuwar bukkar ta juya.

Yarjejeniyarsu da Sanusi tun bazara ita ce in ya tafi zai bar masa injin aro, shi kuma ya ɗauke masa rabonsa na ciyar da Inna. In sun dawo ya karɓi abinsa ya koma garka. Da wannan injin ne ake dawowa gida a zama mutum.

Ya saɓa shi a kafaɗa, ya rataya tiyon, ya hau tudu.

Sanusi na zaune gindin bishiyar bedi a ƙofar gida yana shan shayi shi kaɗai. Ya ga ƙanensa ya dire injin a gabansa, ya ajiye kofin.

"Ba yanzu munka ce ba. Sai za ka tahi."

"Ba aro na kawo ba. Saidawa zan yi."

Sanusi ya dube shi, ya dubi injin. Ya daɗe yana son inji nasa na kansa, kowa ya sani, duk rani sai ya jira Junaidu ya gama kafin ya ja ruwa.

"Don ɗaki," ya ce.

"Don ɗaki."

"Kana da hankali kuwa? Ka saida abin nema don ka biya ma wani Bature-baƙi haya? Wata nawa kuɗɗin za su yi? In sun ƙare, ga ka ba ɗaki ba inji. Ka komo nan ka ja guga kamar kakanka."

"Na ja."

"Duk garin ga wa ya tahi da mata? Tawa na nan, ta maƙwabcinmu na nan, ta kowa na nan. Ita ɗiyar wa ce?"

"Na yi magana gaban ubanta."

"Magana." Sanusi ya tsiyaya shayi daga sama, ya mayar cikin buta. "Kowa ya yi magana a zauren surukai. Tsohon ma ya san ta biko ce."

"Ni ban san haka ba lokacin da na yi ta." Junaidu bai zauna ba. "Yaya, kai na hwara kawo ma don kai ne babba. In ba ka so, Takama na da mai saye a Tsarnawa, gobe in kai mishi."

Wannan ƙarya ce, bai yi magana da Takama ba. Amma ya ga yadda hannun Sanusi ya tsaya a kan butar.

"Inji ya bar gidan ga? Da rani mu sha mi?" Ya yi tsaki. "Ka san ba ni da kuɗɗi yanzu. Kuɗɗina na cikin rudu sai kaka."

"Albasar nike so. Buhu biyar, da hula. Ta zauna cikin rudunka har kaka, ranar da za ka saida taka a saida tawa."

"Biyar. Inji ya sha rani biyu, biyar. Uku."

"Da tiyo na kawo shi."

"Tiyon da ya hwashe wuri biyu, ni na ɗaure shi da roba."

Wata mata ta wuce da itace a kai ta gaishe su, suka amsa tare. Junaidu ya sunkuya ya kama hannun injin kamar zai ɗauka.

"Huɗu," in ji Sanusi. "Da hula. Kuma ka ji da kyau: aro ne ya ɗauke maka abincin Inna. Yanzu babu aro. Duk wata ka aiko da rabonka, ko kun ci ko ba ku ci ba. In wata ya wuce ban gani ba, kada ka kira ni ka ce mini Abijan da wuya."

Wannan bai shiga lissafin Junaidu ba. Ya ji ya sauka a kan ɗan abin da ya ware na abinci, ya ga ya ƙara sirancewa. Buhu huɗu, in kaka ta yi kyau, za su buɗe ƙofar ɗaki. In ba ta yi ba, ko albasar Najeriya ta cika kasuwa da wuri, ba za su buɗe ba, kuma injin ya tafi.

"Na yarda."

"A kira liman da wani su shaida. Ba ni son gobe a ce na cuci ƙanena."

Bayan la'asar aka shaida. Sanusi da kansa ya ɗauki injin ya kai ɗakinsa, bai bari kowa ya taɓa ba.

Nasiba na tankaɗe a tsakar gida lokacin da Junaidu ya shigo. Ta riga ta ji, gidan ba shi da faɗin da magana za ta ɓata. Ba ta ɗago ba.

"Da mi za ka yi ban ruwa in mun komo?"

"Da guga."

"Ban ce ka saida ba."

"Ba ki ce ba."

Ta ci gaba da tankaɗen. Garin na sauka cikin ƙwarya. Shi dai yana tsaye, kafaɗarsa na zafi inda ƙarfen ya danne.

"Ya kai?" ta ce.

"In kaka ta yi kyau ya kai mabuɗi. Bai kai katihwa ba. Kuma da na Inna duk wata."

"Ina da tabarma." Ta buga rariyar a tafin hannu. "Awakina a bar ma Inna su, ta sha nono, a rage wani abu daga na watan hwarko. Ka hwaɗa ma Yaya haka." Sai yanzu ta dube shi. "Albasar tana ina?"

"Rudun Yaya. Can za ta zauna."

"Wa ya zaɓa?"

"Ba a zaɓa ba tukuna. Da kaka a auna huɗu."

Ta ajiye rariyar, ta karkaɗe zanenta, ta zari kara ɗaya daga jikin danga.

"Mu tahi yanzu da sauran rana."

Sanusi bai so ba. Ya ce ba a taɓa yi ba, mace ta shiga rudun wani tana ware-ware, albasa ai albasa ce. Nasiba ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta ce Yaya ya yi haƙuri, sau ɗaya ta bar wa maza sanin albasa. Matar Sanusi ta yi dariya daga cikin ɗaki. Ya miƙa mabuɗin kwaɗon yana gunguni, ya biyo su a baya.

Rudun Sanusi bushe yake, ƙamshin ɓawo kawai ke tashi. Nasiba ta tura hannu har gwiwar hannu, ta tsaya tana ji. Ta zaro ɗaya, 'yar ƙarama, ba ta fi ƙwan zabo biyu ba. Ta matsa wuya. Ta duba gindi. Ta girgiza ta kusa da kunne. Ta ajiye ta a lungun hagu, ta ɗauki wata.

"Haka za ki bi su ɗaya-ɗaya?" in ji Sanusi. "Buhu huɗu? Sai an yanke gero ba ki gama ba. Ga manya-manya nan sama, kwashi ki cika."

"Ƙanana nike so, Yaya."

"Ƙanana ba su cika buhu da wuri. Ni kike ci."

"Da hula kuma," ta ce, ba ta juyo ba.

Junaidu ya koma gefe, ya jingina da dutsen da rudun ke kai. Ya fito da waya. Har yanzu in ya kai hannu kusa da fuska yana jin warin jiya a ƙarƙashin farcensa. Ya nemo sunan Kawu, ya danna wurin saƙon murya, ya riƙe. Ya yi sallama, ya gaishe shi, ya gode da jaje. Sai ya tsaya, jan layin ɗaukar muryar na tafiya.

Nasiba ta dakata da albasa a hannu.

"Kawu, a riƙe mini wurin," ya ce. "Da an yanke gero muna hanya. A hwara tambaya mana ɗaki, ko ƙarami ne, ko nesa da kasuwa. Mu biyu ne."

Ya saki. Saƙon ya tsaya yana juyawa, rezo, sabis ɗin waya, ba shi da ƙarfi a garka. Ya ɗaga wayar sama ya taka zuwa kan tudu yana kallonta. A bayansa Nasiba ta gitta karan a kan ɗan tarin da ta fara, ta ce wa Sanusi gobe da hantsi za ta dawo, kada a kulle da wani kwaɗon.